Mayafin Kaka da Rigar Maduga

Sati uku ke nan barci ba ya zama a idona yadda ya kamata. Waya ta yi ƙara, in ce ba zan duba ba, in duba. In na gama karanta abin da aka rubuta a kaina na rufe ido, ba masu zagin nake gani ba. Tsakar gidanmu na Nyohini nake gani, da kurfotin Kaka, wato murhunta na gawayi, yana ci, da wani baƙin mayafi da na sa aka cire shekara ashirin da shida da suka wuce.

Bari in fara da abin da ya jawo zagin. A nan Tamale muna da wani shirin talabijin mai suna Ayarin Zara. Labarin jikokin fataken goro ne a wani zamani mai zuwa, lokacin da ƙasa ta ƙi shuka, suka hau ƙaton jirgi suka nufi taurari neman inda za su sauke kaya. A wani tsohon sito a Sagnarigu ake ɗaukarsa. Jirgin kwano ne da katako da fitilun babur, amma in ya tashi ranar Lahadi da yamma, har mai sayar da wake da shinkafa ta bakin layinmu juya kujerarta take yi ta fuskanci talabijin ɗin mai shago. Shugabar ayarin ana kiranta Maduga. Shekara huɗu Anti Fulera ce ke fitowa a matsayinta, doguwar mace mai muryar da in ta ce "a tashi" kai ma da ke kallo sai ka gyara zama. Bana mijinta ya kwanta ciwo a Kumasi, ta tattara ta tafi jinya, ta ce ba ranar dawowa.

Ni Rahinatu malamar firamare ce, 'yan aji huɗu nake koyarwa. A shirin, da can, ina sanye da hular ƙarfe ne ba a ganin fuskata, aikina in ce "an ji, Maduga" in danna maɓalli. Fuseini, daraktan shirin, shi ya ɗauko rigar Maduga ya ɗora mini, ya rubuta cewa jirgi ya ratsa wata guguwar taurari, Maduga ta fito da sabuwar fuska. Na yi murna har na yi sujada. Ashe dariya ce ta gaban kuka.

Masoya shirin suna da guruf a waya, ni ma ina ciki tun ina mai hular ƙarfe, kuma yawancinsu ba su san lambata ba. Tun daren da aka nuna fitowata ta farko guruf ya kama da wuta. Wani ya rubuta: "Wannan ba Maduga ba ne kuraa, ko kaɗan. Maduga in ya yi magana jirgi na rawa. Wannan in ya yi magana kaman ana kiran rajista a sukul." Wata ta ce: "Ku bar yarinya ya gwada mana, Fulera ma da ya fara ba haka yake ba." Sai wani mai ilimin taurari ya shigo da hujja: "Mun yarda guguwa na canja fuska. To tsawo fa? Wane guguwa ne ke rage mutum taku ɗaya?" Wannan kam ni ma na yi dariya, kafin na yi kuka. Suka rabu gida uku: masu cewa a je Kumasi a roƙo Anti Fulera, masu cewa a kashe Maduga da mutuncinta ta huta, da 'yan tsiraru masu cewa a yi haƙuri da ni. Har mai tumatir a kasuwa ta riƙe mini canji tana kallona sama da ƙasa, ta ce, "Madam, ke ne kin cinye mana Maduga?"

Bayan fitowa ta uku, Fuseini ya kira ni gefe. Ya ce ya rubuta kashi na huɗu iri biyu. A ɗaya Maduga ta rayu ta ci gaba da jan ayari. A ɗayan ta fita gyaran jirgi igiya ta tsinke, sararin sama ya haɗiye ta. Ya ce, "Madam Rahi, ni ba na tilasta ki. Asabar muna ɗauka. Ki zo ki gaya mini wanne." A raina na riga na zaɓi igiya. Abin da ya tsayar da ni saƙo ɗaya ne da wata ta turo ranar Alhamis, gajere, ba zagi a ciki: "Ta cire rigar nan. Ita ba Maduga ba ce, kuma Maduga bai mutu ba." Na karanta shi ina tsaye a ƙofar aji, nan take na gane maganar. Ni na fara yin ta a duniya, ina 'yar shekara tara.

Kaka Azumi mahaifiyar babana ce. Kakanninta fataken goro ne daga Kano, ita kuwa ko hanyar Kano ba ta taɓa gani ba, amma in tana gyara mana Hausa sai ka rantse jiya ta baro kasuwar Kurmi. Gyaɗa take soyawa ta sayarwa. Bayan sallar isha'i za ta hura kurfoti a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, mu yara mu kewaye ta da faranti, ni da ƙanena Awudu da 'ya'yan maƙwabta. Aikinmu murje ɓawon gyaɗar da ta huce, ladanmu tatsuniya da duk ƙwayar da ta ƙone. Allah ya gani, mun sha ƙona gyaɗa da ido don ta zama tamu. Baba direban babbar mota ne, yana hanya kullum. Mma, mahaifiyata, tana can bakin murhu tana wanke-wanke, ba ta cika sa mana baki ba. Badagomba ce, Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "ya" take ce mata, kuma mu da muka sha ta Kaka muna yi mata dariya a ɓoye.

Kaka tana da ƙa'idodinta. Ba ta fara tatsuniya sai ta yafa wani baƙin mayafi na rini, wanda ta ce kakanta ya zo da shi a kan jaki. Ya tsufa har ya koma ruwan toka a gefe, yana ƙanshin hayaƙi da goro. In ta yafa shi sai ta yi gyaran murya ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama," wato tatsuniyar. Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." In labari ya ƙare ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," mu ce, "Allah ya kai ta gida lafiya." In mai tsawo ne sai ta ce baƙuwa za ta kwana, gobe a ci gaba. Amma ba a barin tatsuniya a buɗe har abada. "Baƙuwar da ba a sallama ba," in ji ta, "tana nan a gidan, ko ba ku gan ta ba."

Kaka tana da maƙoƙo a wuya tun kafin a haife ni. Mun saba da shi, in ta yi dariya yana hawa yana sauka. A shekarar da nake magana ya fara hana ta numfashi in ta kwanta, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ya faɗa wa manya cewa murya tana iya tafiya. Mu ba wanda ya faɗa mana komai. Mun dai ga ana ƙus-ƙus, mun ga Baba ya dawo ba lokacin dawowarsa ba, mun ga Mma da Kaka suna shiga ɗaki da rana su rufe ƙofa, su da ba su cika doguwar hira ba. Yaro ba a gaya masa, amma cikinsa yana sani.

Daren da za a kai ta asibiti da safe, ta yafa mayafi ta kawo mana wata baƙuwa da ba mu taɓa ji ba.

Wai a wani gari, rana nauyin barci gare ta. Ba zakara ke tashinta ba, ba ladan ba, sai dakan wata tsohuwa da ake kira Inna Dudu. Kullum da asuba Inna Dudu za ta fito da turminta ta fara daka, dum, dum, dum. Rana ta ji, ta yi miƙa, ta yaye bargo ta fito. Haka aka yi shekara da shekaru, har mutanen garin suka manta cewa hannun mutum ne ke wannan aiki. Wata rana Inna Dudu ta ɗaga taɓarya, kafaɗa ta ce ba ta san zance ba. Sai ta kira matar ɗanta, wata baƙuwar yarinya da aka auro daga wani gari, ta miƙa mata taɓaryar ta ce, "Daga gobe ke ce."

Nan Kaka ta tsaya. Ta juya gyaɗa a kasko, ta ce, "Baƙuwa za ta kwana. Gobe ba na nan, jibi ma haka. In na dawo, uwar Rahinatu ce za ta ƙarasa muku." Muka kalli juna. Awudu ya ce, "Mma ta iya tatsuniya?" Kaka ta ce, "Kai ka iya murje gyaɗa da aka haife ka?"

Kwana tara ta yi a asibiti. Ta dawo da farin bandeji a wuya, maƙoƙo ya tafi, murya ta bi shi. In ta buɗe baki iska ce kawai ke fita, sai ka kai kunne dab da leɓenta kafin ka tsinci kalma. Na tuna na tsaya a ƙofar ɗakinta ina kallon wuyan nan da ya zama siriri kamar na wata, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ban shiga na gaishe ta ba. Na gudu bayan gida na zauna.

Daren farko bayan dawowarta Kaka ta hura kurfoti da kanta, ta zauna gefe a kan tabarma. Mma ta fito daga ɗaki da baƙin mayafin a kanta. Ya yi mata yawa, tana ta jan sa. Ta zauna a kujerar Kaka ta ce, a hankali, "Baƙuwa ya yi sallama." Ba wanda ya amsa. Sai da Kaka ta buga kasko da cokali muka ce a shimfiɗa tabarma, murya ciki-ciki. Mma ta ba da labarin asubar farko: yarinya ta fito ta yi daka, dum, dum, gari ya yi shiru, rana ba ta fito ba. Mutane suka fito da fitila suna cewa hannunta ba nauyi. Mma tana faɗa, mu kuwa muna ƙunshe dariya. Wani ɗan maƙwabta ya ce ai dakan Kaka ba haka yake ƙara ba. Ta ce baƙuwa za ta kwana, ta tashi da sauri.

Dare na biyu ta zo da shiri. Ta yi gyaran murya irin na Kaka, ta karkata kai irin na Kaka, har tsayawar da Kaka ke yi ta gutsuri goro ta yi. Wannan ya fi na jiya ɓata mini rai. A labarin, yarinya ta sake daka, ta ƙara ƙarfi har tafinta ya fashe, rana ba ta fito ba. Kaji suka ƙi sauka, gero ya fara kwanciya a gona, mutane suka ce a je a ɗauko Inna Dudu ko a kan gado ne. Muka yi ta katse ta. Awudu ya ce yana jin fitsari, ya tafi bai dawo ba. Ni na zauna ina kallon Kaka a gefe, bakinta yana motsi yana bin labarin ba sauti, hannunta a kan bandeji.

Dare na uku ne na yi abin da na yi. Mma ta kai inda mutanen gari suka taru a ƙofar yarinyar, wasu na cewa a ƙwace taɓarya, wasu na cewa a mayar da ita garinsu. Hayaƙi ya taso, ta ja gefen mayafin ta rufe hanci, daidai yadda Kaka ke yi. Ban san lokacin da na miƙe ba, farantin gyaɗa ya kife. Na ce, "Ki cire mayafin nan! Ke ba Kaka ba ce, kuma Kaka ba ta mutu ba!"

Mma ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta zare mayafin a hankali, ta ninke shi gida huɗu, ta ajiye a cinyar Kaka, ta shige ɗaki. Ba ta ce baƙuwa za ta kwana ba, ba ta ce ta naɗe tabarma ba.

Dare na huɗu Kaka ta hura wuta, ta ajiye mayafin a kan kujera, ta zauna tana fuskantar ƙofar Mma. Muka zauna muna murza gyaɗa. Can ta ɗaga hannu sama wajen ƙofar, yatsu huɗu a miƙe, ta daɗe a haka. Labule bai motsa ba. Gawayi ya cinye, ta sauke hannun, muka watse. Daga ranar ba a sake tatsuniya a gidanmu ba. Kaka ta ƙara shekara biyu tana raɗa, Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan Baba ya sayo talabijin, muka samu abin kallo, kowa ya yi kamar ya manta. Ni da Mma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na yi aure, na haihu, na koyar da 'ya'yan mutane ladabi shekara goma sha biyu, ban taɓa ce wa uwata ta yafe mini wannan ba.

Shi ya sa ranar Juma'a, ana gobe ɗauka, da na tashi daga makaranta na tari yalo-yalo, wato keken nan mai ƙafa uku, na nufi Kanvili. Can Mma take zaune a gidan Awudu tun rasuwar Baba. Ina tsoron ta ce ta manta, ina kuma tsoron ta ce ba ta manta ba.

Na same ta bayan magariba a bakin ƙofa tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da "naa" ɗinta mai tsawo, ta dube ni ta ce, "M bia, kin rame." M bia da Dagbanci ɗana ko 'yata ke nan, kuma ba ta kirana haka sai ta ga ina cikin wani hali.

Na ce, "Mma, kina kallon shirin?"

"Kowane Lahadi. Awudu na karanta mini abin da suke rubutawa ma. Wannan mai zancen tsawo, in na gan shi zan tambaye shi ko shi ya auna ki."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na gaya mata zancen Fuseini da takardunsa biyu, na ce gobe zan ce a tsinke igiya. Ta ci gaba da tsintar wake. Sai na ce, "Mma, tatsuniyar Inna Dudu. Yaya ta ƙare?"

Hannunta ya tsaya a cikin tire. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwatin ƙarfe. Ta fito da mayafin, ninkinsa huɗu, yana warin kafur. Ashe Kaka ita ta bar wa. Ba ta yafa ba, a cinya ta ɗora shi, ta dafa da hannu biyu.

Ta ce, "Baƙuwa ya daɗe a tsaye."

Na ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Ta ba ni labarin da Hausarta, ba gyaran murya, ba karkata kai. Wai asuba ta huɗu yarinyar ta farka, tafinta duk ƙuraje. Ta leƙa waje, ba kowa, ko masu zagi sun gaji sun kwanta. Ta ce a ranta ko ta daka ko kar ta daka duk ɗaya. Amma ta jawo turmi, ta daka, tana daka tana hawaye. Ba ta kai bugu goma ba gabas ta yi ja, rana ta fito. Yarinya ta jefar da taɓarya ta ce, "Ke rana, me na yi miki? Kwana uku ina daka kina jina?" Rana ta ce, "Tun bugun farko na ji ki. Dakanki ba laifi. Amma da na ji ba hannun Inna Dudu ba ne, na san abin da ya faru, sai na ja bargo na yi kuka. Shekara nawa tana tashina? Ko mutum ya rasu ana zaman kwana uku kafin a watse. Zaman makoki nake yi. Da ba ki fito yau ba, da ban san akwai wanda zan tashi dominsa ba."

Wani babur ya wuce a layi.

Ta ce, "Wata guda Kakanki na koya mini wannan a ɗaki. Shi ya ƙirƙira shi saboda ni. Ya ce, Sanatu, yaran nan za su ci mutuncinki kwana uku. Ba ke suke ƙi ba, tsoro suke ji, ba su san inda za su ajiye shi ba. Ki daure ki fito na huɗu." Ta shafa mayafin. "Na san ƙarshen labari, m bia. Yana bakina. Ina bayan labule ina ganin yatsunsa huɗu. Ƙafana ya ƙi."

Na ce, "Ni na hana ki, Mma. Ki yafe mini."

"Ke yarinya ne, kin ga wuyan Kakanki da bandeji. Na yafe tun daren. Ni ce ban yafe ma kaina ba. Tsohuwa ya roƙe ni abu ɗaya." Ta share ido da bakin zane, sannan ta dube ni da fuskar da take yi in za ta aike ni kasuwa. "Sau nawa aka nuna ki?"

Na ce, "Uku."

Ta ce, "To." Ta ɗauki tirenta. Can kuma ta ajiye, ta ce, "Baƙuwa ya naɗe tabarmansa."

Na ce, "Allah ya kai ta gida lafiya." A bakin ƙofar Awudu, gaban masu wucewa, na kifa kai a gwiwar uwata na yi kukan da ya kamata in yi ina 'yar tara.

A hanyar komawa na sake buɗe guruf ɗin, na bi saƙonnin tun daga farko. Zagin yana nan, bai canja ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya daina zafi ba. Amma na ga abin da ban gani ba da. Mai cewa ina kiran rajista, shi ne ya rubuta can sama cewa da mahaifiyarsa yake kallon shirin kafin ta rasu bara, kuma ita Fulera take so. Wadda ta ce in cire riga, sau uku tana tambaya ko akwai wanda ya ji labarin jikin mijin Anti Fulera. Shekara huɗu mace tana shigo musu ɗaki kowace Lahadi, rana ɗaya aka ce guguwa ta canja mata fuska, ko sallama ba a bari sun yi da ita ba. Ni ma da aka yi mini haka, farantin gyaɗa na kifar.

Ban sani ba ko Kaka ta yi gaskiya a kan kwana uku. Mutanen waya ba rana ba ne, wasu makokinsu sai ya kai arba'in, wasu har abada ba za su yaye bargo ba. Yana yiwuwa in fito na huɗu da na biyar da na goma, mai tumatir ta ci gaba da riƙe mini canji. Wannan tunanin bai bar ni na runtsa sosai ba. Abin da na sani kawai shi ne na ga yadda rashin fitowa yake, na gan shi ninke gida huɗu a cikin akwatin ƙarfe.

Asabar da safe na isa siton Sagnarigu, Fuseini yana tsaye da takardu biyu, ɗaya a kowane hannu. Na ce ya ba ni wadda Maduga ta rayu. Na kuma roƙe shi ya ƙara layi ɗaya, inda Maduga za ta tara ayari ta ce ta san suna kewar tsohuwar fuskarta, ita ma tana kewarta. Ya dube ni, ya ciro biro daga bayan kunne.

Aka ɗora mini rigar. Har yanzu ta yi mini tsawo, an kama ta da fil a baya. Na hau dandamalin jirgi, layin farko ya gudu daga kaina. Aka kunna fitilun babur. Ina ɗaga ido sai na hango yalo-yalo a bakin ƙofar sito, Awudu yana taimaka wa wata ta sauko. Ban gaya mata wurin ba, ban gaya mata lokaci ba. Ta shigo a hankali, ta ƙi kujerar da aka miƙa mata, ta tsaya bayan mai kyamara, baƙin mayafin a kanta, kuma yanzu ya yi mata daidai.

Fuseini ya ce a yi shiru. Mma ta ɗaga hannu sama, yatsu huɗu a miƙe, ba ta sauke ba sai da na buɗe baki na ce, "A tashi."